Riƙon Yaron Da Ya Ga Tashin Hankali Yana Ƙarami

Jama'a, karatunmu na yau a kan riƙo ne. Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, in an yaye yaro akan kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa. Macen da Allah bai ba ta haihuwa ba, 'yan'uwanta sukan ba ta ɗa ta riƙa. In mutum ya rasu, wansa ko ƙanensa ya kwashi 'ya'yansa ya haɗa da nasa. Da wuya a sami gida a Barkiya wanda ba a taɓa riƙon wani a cikinsa ba.

Amma akwai wani irin riƙo da ya yi yawa a zamaninmu. Shi ne riƙon yaron da ya ga tashin hankali tun yana ƙarami. Irin wannan yaro riƙonsa dabam ne. In ba mu san halinsa ba, sai mu cuce shi muna tsammani gyara muke yi.

Abin Da Ya Kawo Wannan Magana

Dukanmu mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasarmu. Dajin Rugu yana yamma da mu. A watan Fabrairu na 2020 sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, cikin ƙasar Batsari. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan sanda sun ce an kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A watan Disamba aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, daga baya aka sako su. A 2021 har gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki.

To, ku yi lissafi. Yaron da yake shekara 6 a 2020, shekararsa 12 a 2026, 15 a 2029. Waɗanda aka goyo aka gudo da su, da waɗanda suka kwana cikin dawa suna ɓoye, su ne samari da 'yan matan da ke tasowa a gidajenmu. Da yawansu marayu ne. Suna hannun baffa, ko kawu, ko gwaggo, ko kuwa wani bawan Allah da ba su haɗa jini ba.

Ba harin 'yan bindiga kaɗai ke yi wa yaro wannan lahani ba. Mutuwar uwa farat ɗaya tana yi. Dukan da ya wuce kima yana yi. Yunwa mai tsawo tana yi. Haka nan yawon hannu, yau yana wannan gida, gobe yana wancan, ba wanda ya ɗauke shi nasa.

Yadda Irin Wannan Yaro Yakan Yi

Bari mu yi misali. A ce wani manomi ya ɗauko ɗan wansa bayan an kashe wan a gaban yaron. Shekarar yaro 6. Da ya zo, shiru-shiru ne, ba ya ƙiriniya. Kowa ya ce, "Alhamdu lillahi, yaro ne, ya manta." Aka yi shekara bakwai lafiya.

Da ya kai 13, sai hali ya sake. An yi masa ƙaramar magana, sai ya hau fushi kamar zai ci mutum. Ya ji ƙarar babura da dare, sai ya zabura ya faɗa rumbu. Ana samun guntun tuwo ɓoye ƙarƙashin tabarmarsa, ga shi kuwa ba a hana shi abinci. Yana ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba. A makaranta malami yana magana, shi hankalinsa yana bakin ƙofa. Wani dare ya yi fitsarin kwance, ga shi ƙato. Ran da matar baffansa ta yi masa alheri, ran nan ya fi yi mata rashin kunya. In aka matsa masa sai ya ce, "Ai ke ba uwata ba ce."

Yarinya kuwa sau da yawa nata ciki yake shiga. Ta daina magana. Ta riƙa kuka ba dalili. Kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, a je asibiti ba a ga kome ba. Wata kuma ta manne wa duk wanda ya yi mata fara'a, ko ba ta san shi ba.

Sai maƙwabta su fara magana. Wannan ya ce butulci ne. Wancan ya ce tsintacciyar mage ba ta mage. Wata ta ce iska ce. Duk ba haka ba ne. Tsohon miki ne ya tashi.

Dalilin Haka

Hausawa sun ce, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci sun binciki wannan magana, sun tarar gaskiya ce.

A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani ɗan wuri mai aiki kamar mai gadin gari. In ya ga haɗari sai ya yi shela. Nan da nan wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su zuba wani sinadari cikin jini. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Numfashi ya ƙaru. Jiki ya shirya wa ɗayan abu uku: ko faɗa, ko gudu, ko sandarewa wuri ɗaya. Wannan rahama ce ta Allah, don da ita muke kuɓuta. In haɗari ya wuce, mai gadi ya koma ya zauna.

Amma yaron da ya ga abin tsoro mai tsanani yana ƙarami, ko ya daɗe cikin tsoro ba mai rarrashinsa, mai gadinsa yakan ƙi zama. Kullum yana tsaye. Ƙarar ƙofa, tsawar babba, warin hayaƙi, duk sai ya ɗauke su hari ne. Ko yaron ya manta labarin, jikinsa bai manta ba.

Akwai kuma wani sashe na ƙwaƙwalwa a bayan goshi. Shi ne mai cewa, "Tsaya, yi tunani tukuna." Wannan sashe shi ne na ƙarshen nuna. Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi ɗan shekara 14 kamar doki ne mai ƙarfi da linzami sabo. In kuma tsohon tsoro yana zungurarsa, kun ga abin ya zama biyu.

Me ya sa sai ya balaga abin ke tashi? Domin lokacin ne hankalinsa ya kai ya gane abin da ya same shi. Yana ƙarami ya san babansa ba ya nan. Yanzu ya san kashe shi aka yi. Lokacin ne kuma kowane yaro ke tambayar kansa, "Ni wane ne? Ina ne gidanmu?" Ɗan gida yana da amsa. Ɗan riƙo sai ya nema.

Rashin kunyar da yake yi wa mai kyautata masa ma tana da dalili. Ya taɓa son wasu, aka raba shi da su dare ɗaya. Yanzu yana tsoron ya sake jiki a sake raba shi. Don haka yake gwada ku, kamar yadda mutum ke taka gada sannu ya ji ko za ta ɗauke shi. Tambayar da ke zuciyarsa ita ce, "In na yi laifi, za su kore ni?"

Abin Da Aka Gano A Wasu Ƙasashe

Ba mu kaɗai wannan abu ya sama ba. Akwai wata ƙasa a Turai, sunanta Romaniya. Da gwamnatinta ta faɗi a 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen renon gwamnati. Da yawansu suna kwance kawai, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Mutanen Ingila suka ɗauki wasu riƙo. Wani likita, Michael Rutter, da abokan aikinsa suka bi 165 daga cikinsu, suna duba su har suka girma.

Ga abin da suka gani. Waɗanda ba su kai wata shida a waɗancan gidaje ba sun tashi kamar sauran yara. Waɗanda suka daɗe kuwa, da yawansu sun riƙa fama da rashin natsuwa da wahalar zama da mutane har girmansu. Amma duk da haka, kamar ɗaya cikin biyar nasu sun tashi ba wata matsala. Da yawa kuma da aka ɗauka ba su da kan karatu, da suka daɗe a gida mai kulawa, kaifin hankalinsu ya dawo.

A Amurka kuma, tsakanin 1995 da 1997, likitoci sun tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara. Suka tarar waɗanda suka fi shan wahala su suka fi faɗawa shaye-shaye da ciwon damuwa, har da ciwon zuciya.

Ciwon waɗancan yara da na namu ba iri ɗaya ba ne sak. Amma darasin ɗaya ne. Na farko, mikin ƙuruciya yana daɗewa, kada mu yi mamaki. Na biyu, gida mai aminci magani ne, kada mu fid da rai.

Abin Da Za Mu Yi

1. Mu tabbatar masa nan gidansu ne. Kome ya yi, kada mu ce, "Zan kore ka," ko "Zan mai da kai inda ka fito." Wannan magana ta fi bulala ciwo. Baffa ya ce masa, "Abin da ka yi ba shi da kyau, kuma za ka gyara. Amma kai ɗana ne, nan za ka kwana." Ya faɗa yau, ya faɗa gobe, har ta zauna.

2. Mu sa kome a kan lokacinsa. Abinci da lokacinsa, salla da lokacinta, barci da lokacinsa. Yaron da ya san abin da zai faru gobe, hankalinsa yakan kwanta. In za mu yi tafiya, mu gaya masa inda za mu da ran da za mu dawo. In mun yi alkawari, mu cika, ko na ƙuli-ƙuli ne.

3. Kada mu hore shi da yunwa. Wanda ya taɓa kwana uku a daji bai ci ba, hana shi tuwo mai da shi dajin ne. In yana ɓoye abinci, kada a kira shi ɓarawo. A ba shi ɗan ƙoƙonsa, a zuba masa gyaɗa ko ƙanzo, a ce nasa ne. Ran da ya amince abinci ba zai yanke ba, da kansa zai bari.

4. In ya hau fushi, mu mu sauka. Ba a kashe wuta da wuta. Lokacin da mai gadin nan ke shela, kunnen yaro ba ya jin nasiha. Mu rage murya. Kada mu tare masa ƙofa, kada a taru a kansa. Mu ba shi ruwa, mu bar shi ya huce. Bayan la'asar ko washegari, sa'an nan a yi magana.

5. Mu yi horo ba da duka ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma iccen da ya riga ya tsage, in ka danna shi da ƙarfi karyewa zai yi. Duka yana koya wa irin wannan yaro abu ɗaya, watau nan ma ba aminci. Ba cewa muka yi a sangarta shi ba. A sa dokoki kaɗan, a bayyana su sarai, a tsaya a kansu. In ya fasa tulu, ya yi aiki ya biya. In ya zagi wani, ya je ya ba da haƙuri. In ya yi abin kirki kuwa, a yaba a gabansa.

6. Kada mu kunyata shi. Mai fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba. Ɗaura masa kwaɗo da sa yara su bi shi da waƙa ƙara tsoro ne. A rage masa ruwa da dare, a tashe shi ya zaga, a rufa masa asiri. Gori kuwa dafi ne. Kada ya ji an ce, "Duk abin da muka yi maka."

7. Mu gaya masa gaskiya. In ya tambayi iyayensa, a ba shi amsa daidai hankalinsa. A gaya masa kyawawan halayensu. A yi musu addu'a tare da shi. In hanya tana da lafiya, a kai shi ya ga danginsa. Amma kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, kada kuma a riƙa ba baƙi labarinsa yana zaune. Saurayi ya fi sakin baki in ana aiki tare, ana noma ko ana tafiya kasuwa. In ya fara magana, mu yi shiru mu ji. Yara da yawa suna tsammani laifinsu ne, don sun yi kuka ko don sun gudu. A gaya masa a fili, "Ba laifinka ba ne. Kai yaro ne a lokacin."

8. Mu ba shi abin kansa. A yanka masa gayauna. A ba yarinya tunkiya ta kiwata. A sa shi makarantar allo da ta boko, a koya masa sana'a. Wanda aka raba da kome, in ya ga abin da hannunsa ya shuka ya tsiro, zuciyarsa takan tsiro tare da shi. In da hali, ya yi karatunsa a gari yana kwana gida, don tura shi nesa wata rabuwa ce kuma.

9. Mu daidaita shi da 'ya'yanmu. Kwano ɗaya, aiki ɗaya, ɗinkin salla ɗaya. Yara suna lura da abin da manya suke tsammani ba su gani ba. Yarinya kuma kada a mai da ita baiwar gida, kada a gaggauta aurar da ita don a huta. Aure ba ya warkar da tsoro.

10. Mu san abokansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da bai sami wuri a gida ba, masu sayar da ƙwaya suna da wuri dominsa. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma akwai taramol da sholisho da wiwi. Mai damuwa yakan sha don ya sami barci, daga nan ya kamu. Wani kuma ramuwa ce ke cin ransa. In ya ce sai ya rama jinin babansa, kada mu yi dariya, kada mu zuga shi. Mu zauna da shi, mu haɗa shi da dattijon da yake jin maganarsa.

Haƙƙinsa A Shari'a

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara 6. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai 8, sa'an nan baffansa Abu Ɗalib ya ɗauke shi. Don haka kada wani ya raina ɗan riƙo.

Shari'a ta ce ɗan riƙo da sunan ubansa za a kira shi. Zaidu, wanda Annabi ya riƙa, da ana jingina shi ga Annabi, sai aka mai da shi Zaidu ɗan Harisa. Wannan gata ne ga yaro, don yana riƙe masa asalinsa. Riƙo shi kaɗai ba ya sa gado. Amma mai riƙo yana iya yi masa kyauta yana da rai, ko ya yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, in ba ya cikin magada.

Abin da ubansa ya bari kuwa, gona ko dabba ko kuɗi, amana ce. A rubuta a takarda gaban shaidu, da sanin mai unguwa ko dagaci. In yaro ya yi wayo a nuna masa takardar. In ya girma ya mallaki hankalinsa a danƙa masa kayansa. Saurayin da yake zargin an ci gonar ubansa, ba nasihar da za ta shiga kunnensa.

Yaushe Za A Kai Shi Asibiti?

Addu'a ba ta hana magani. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti in mun ga ɗayan waɗannan: ya yi makonni ba ya barci ko ba ya cin abinci, yana yanka jikinsa, yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ya kamu da ƙwaya, ko yana cewa gara ya mutu.

Wannan na ƙarshe ba a jira da shi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambaya ba ta sa masa tunanin, sai ma ta sauƙaƙa masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari da na ciyawa da fiya-fiya inda hannunsa ba zai kai ba. A kai shi asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma ran nan. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Katsina. Akwai kuma manyan asibitocin Tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Ƙware kusa da Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne, ba kuma cewa aka yi yaro ya haukace ba. Sau da yawa maganin ma zama ne da mai ilmin abin, ana magana mako-mako. Ɗaure yaro da mari ko dukansa da sunan fitar da iska ƙara masa ciwo ne.

Mai Riƙo Ma Mutum Ne

Wannan aiki yana da nauyi. Wataƙila kai ma ɗan'uwanka ne aka kashe, kai ma ba ka barci. Ran da ka ji zuciyarka ta kawo wuya, fita ka zaga gona. Miji da mata su haɗa baki, kada ɗaya ya hana ɗaya ya bari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi kaka, ko liman, ko malamin makaranta su kama muku. In ka yi kuskure ka yi masa tsawa fiye da kima, ba ƙasƙanci ba ne ka ce, "Jiya na yi zafi, ka yi haƙuri." Daga nan yake koyon cewa ana ɓatawa a shirya, ba wanda ya tafi.

Kada mu ƙidaya kwanaki. Za a ci gaba, a koma baya, a sake ci gaba. Watan da abin ya faru, ko ran da aka ji labarin wani hari, halin yakan dawo na 'yan kwanaki. Ba lalacewa ba ce. Sannu ba ta hana zuwa. Ran da ya ji babur ya ɗaga kai kawai ya koma barci, ran da ya bar ɓoye tuwo, ran da ya zo da kansa ya ce, "Baffa, na yi laifi," to, ku sani miki ya fara kamewa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ke yi wa ƙaramin yaro lahani a zuciya?
2. Me ya sa halin yakan tashi bayan yaro ya balaga?
3. Don me ba a horon irin wannan yaro da yunwa ko da kora?
4. Ina haƙƙin ɗan riƙo game da sunansa da dukiyar ubansa?
5. Faɗi alamu uku da za su sa a kai yaro asibiti.